Duban Gida a Kano Cikin Marka

Hotunan gidaje sun fara shigowa wayar Kawu tun cikin bazara. Ya gama shekara 35 yana koyarwa a makarantun Katsina, kuɗin sallama sun fito bayan dogon jira, 'ya'yansa kuma duk sun tare a Kano, shi ya sa ya ƙudurta can zai yi hutunsa. Dillalin da aka haɗa su kullum sai ya turo sabon gida ta WhatsApp, fenti na ƙyalli, tayil har bango, kowanne da gargaɗin cewa wani Alhaji ya taya, in ba a hanzarta ba zai wuce. Da ta Kawu ne, da tun watan Afrilu an yi ciniki. Wanda ya dakatar da shi shi ne Baba Magini, tsohon da rabin gidajen unguwarmu suka fita daga hannunsa. Ya ce shi ba ya cinikin biri a sama, kuma in da shi za a je, to sai marka ta zauna. "Da rani, Malam, kowane gida lafiyarsa ƙalau. Ruwa ne kaɗai ba a haɗa baki da shi."

Muka kama hanya bayan asuba cikin watan Agusta, ni ke tuƙi, Kawu a gefena, Baba a baya da jakar kayan aikinsa. Na leƙa jakar don ganin irin na'urorin da ya ɗauko, sai na tarar da tocila, ƙusa mai inci 4, igiya da aka ɗaura wa guntun ƙarfe, da buta. Daga Charanchi zuwa Kankiya gero ya fitar da kai, dawa ta rufe gonaki, ko'ina kore shar. Kawu yana yaba damina, Baba kuwa garun ƙauyuka yake kallo. Wajen Tsanyawa ya nuna mini wani garun ƙasa da gindinsa ya zaizaye, ya ce gini ta wuri biyu yake mutuwa, ta ka ko ta ƙafa, kuma na siminti bai fi ƙarfin wannan hukunci ba, sai dai ya fi iya ɓoye ciwonsa. Muka karya a Bichi, muka kutsa ta cikin tirelolin hatsi na Dawanau, dillali yana jiranmu a bakin titi wajen Kurna, ya sha farar shadda, waya biyu a hannu.

Gidan da ya fara kai mu yana can cikin lungu, sai da muka ajiye mota muka taka. Ya buɗe ƙofa yana cewa, "Bismillah, Alhaji, shigo ka ga ikon Allah." Kawu ya shiga. Baba bai ko kalli ƙofar ba, ya yafito ni muka bi layin. Gidan da ake sayarwa ne kaɗai ke da sabon fenti a wurin. Duk sauran akwai wani layi mai duhu a jikin bangonsu, daidai gwiwa, ya tafi sambal daga wannan gida zuwa wancan. Kusan kowace ƙofa an gina mata ɗan shinge na bulo ɗaya ko biyu wanda sai ka ɗaga ƙafa za ka tsallake, wasu kuma sun jibge buhunan yashi. Baba ya ce mai sayarwa zai iya shafe bangonsa, amma ba shi da ikon shafe na maƙwabci. Sannan ya tsayar da wasu yara masu tallan gyaɗa ya tambaye su inda ruwa yake kaiwa in an yi mai yawa. Suka yi ta rige-rigen nuna mana. Babban cikinsu ya ƙara da cewa ai nan wurin da kududdufi ne, yayyensa ma sun kama tarwaɗa a ciki.

Wanda bai san Kano ba zai ɗauki wannan ƙaramar magana. Tsohon birni da ƙasa aka gina shi, kuma daga ramukan da ke cikin unguwanni aka haƙo ƙasar tubali da ta yaɓe. Ramukan nan su suka zama kududdufai, su ke shanye ruwan damina. Da gari ya cika, fili ya yi tsada, sai aka riƙa cike su da shara ana yankawa ana sayarwa. Ciko na bola ba ya daina zama: abin da ke ruɓewa yana ruɓewa, ƙasa tana lotsawa shekara da shekaru, ba kuma daidai wa daida take lotsawa ba. Ruwan da aka ƙwace wa mazauni shi ma bai bar unguwar ba. Ambaliyar da ta shiga Kantin Kwari a watan Agustan 2022 ta lalata kaya masu yawa, kuma abin da aka fi ɗora wa laifi shi ne gine-ginen da aka dasa kan hanyar ruwa.

Da muka shiga ciki sai muka iske Kawu yana shafa tayil ɗin da aka manna a bangon tsakar gida har ƙirji. Baba ya sa ƙusa ya ɗan kankare fentin da ke saman tayil ɗin, sai ga shi yana ɓarewa, wani farin gari yana zuba. Gishiri ne. In ba a shimfiɗa leda ba kafin a zuba jaman, ko kuma ruwa yana kwana a gindin gini, bulo yana tsotso danshi ya hau da shi, danshin ya bushe ya bar gishirin ƙasa cikin filasta, gishirin ya yi ta cinta har ta zube. Tayil ba ya maganin wannan, hana bangon shan iska yake yi, danshin ya ƙara hawa sama. A ɗakin ƙurya akwai tsaga da ta tashi daga kusurwar taga ta gangara a karkace, an cike ta da siminti amma ta sake buɗe baki. Ƙofar ɗakin sai an ɗaga ta take rufuwa, an ma fere ƙasanta. Baba ya rataya igiyarsa a kusurwa, muka ga yadda bangon ya kauce mata. Dillali ya ce gyaran kwana biyu ne. Baba ya ce, "Haka ne, ɗan nan, in ka samo mai ɗaga gidan a sake masa ƙasa."

Muka bi ta Ƙofar Ruwa, inda ake hada-hadar kayan gini. Baba ya sa na rage gudu yana kallon rodin da aka jingina, yana ƙorafin cewa abin da ake kira mai 12 yanzu, in ka auna shi wani bai cika ba. Daga nan muka hau titin Aminu Kano, Dala da Goron Dutse suna leƙo mu ta saman gidaje, muka fita ta Kabuga muka miƙe titin Gwarzo.

Can gaba da Rijiyar Zaki, wajen Danbare, nan ne sabon gidan da Kawu ya fi kwaɗayi tun a hoto. Ba a taɓa kwana cikinsa ba. Irin waɗanda ake ginawa don sayarwa ne, falo babba, fitilu a silin kala-kala, ƙofar ƙarfe mai ado. Gaskiya ya yi kyau, kuma a kan tudu yake, babu maganar ambaliya. Na ga fuskar Kawu ta saki, har ya fara rabon ɗakuna da baki.

Baba ya zagaya baya, inda katanga ba ta samu filasta ba, don a nan ne ake ganin ainihin bulon da aka yi aiki da shi. Ya soka ƙusa, ta shige ba gardama. Ya murza gefen bulon da babban yatsa, yashi ya zubo. A lissafinsa, buhun siminti mai kilo 50 bai kamata ya wuce bulo talatin na inci 9 ba, amma mai neman riba yakan matsa masa ya haifi kusan ninkin haka, sannan ba a ba shi ruwa ya ƙosa ba a ɗora. Wanda zai zauna a gida da iyalinsa ba ya yi wa kansa wannan. Wanda zai sayar kuwa ya san mai saye fitila yake kallo, don haka kuɗin da ya kamata su shiga fandisho da bulo sai su tafi kan abin da ido ke gani. Ba duka masu wannan sana'a ne haka ba, akwai masu tsoron Allah, amma sabon gida ba shi da tarihin da za a tambaya, bai ga damina ko ɗaya ba balle ta ba da shaida a kansa.

Aka aro tsani a maƙwabta, tsohon nan ya hau ya zura kai ta ƙofar silin da tocila, ya daɗe, sannan ya ce in hau in gani da idona. Zafi ya buge ni. Katakon siriri ne, an yi masa tazara mai faɗi don a rage yawansa, fari fat, babu alamar an shafa masa maganin gara ko baƙin mai. A kan ɗaya daga ciki har gara ta fara jan hanyarta ta jar ƙasa. Da na kashe tocila sai ga haske yana shigowa ta ƙananan huji inda aka buga ƙusa aka kuskure katako. Baba ya ce in duba ko an ɗaure katakon da rodi ko langa-langa a jikin linta. Ban ga ko ɗaya ba, an dai aza shi an toshe da bulo. Irin wannan rufi ne iskar farkon damina ke yayewa ɗungurungum ta ajiye a gidan maƙwabci.

Abin da ya fi ɓata masa rai shi ne salon rufin kansa, wannan na zamani da ake ɗaga bango a ɓoye kwano, ruwa ya taru a kwatar siminti a sama kafin ya fita ta ɗan bututu. In an yi shi da kyau ba laifi. In ba a yi ba, leda ɗaya ko ganye ya toshe bututun, ruwa ya kwanta ya bi bango ya sauko. Ya ce magabata da suka yi soro sun san abin da ya sa suke miƙa indararo ya yi nisa da bango, kuma duk shekara kafin ruwa ya sauka sai an hau an duba.

Sai aka zo kan buta. Ya cika ta ya tuttular a banɗaki, muka tsaya muna kallo, ruwan ya juya wa magudana baya ya nufo ƙofar ɗaki. Ya bi tayil ɗin falo yana ƙwanƙwasawa da kan ƙusa, wasu su amsa da nauyi, wasu su yi ƙarar holoƙo, alamar babu siminti sosai a ƙarƙashinsu, kafin shekara za su fashe. Waɗannan duk bai ɗauke su da zafi ba, ya ce kuɗi kaɗan ke gyara su. Wanda ya tsaya a kai shi ne rijiya. Taku kaɗan ne tsakaninta da sokawe, kuma da muka leƙa ta katanga, masan maƙwabci ya fi namu kusa da ita. Ma'aikatan lafiya kan ce a bar aƙalla mita 15 tsakanin rijiya da masai, wasu ma su ce 30. Fili mai ƙafa 50 gaba ɗayansa bai fi mita 15 da 'yan kai ba. Ke nan a irin waɗannan unguwanni rijiyar cikin gida ta wanki ce, ruwan sha kuwa sai an tanadi wata hanya, kuma wannan ma kuɗi ne da ya kamata mai saye ya sa a lissafi.

Kawu ya tambayi takarda. Dillali ya ce awon igiya ne, akwai sa hannun mai unguwa da shaidu. Da yawa daga cikin sababbin unguwannin bayan gari haka suka tashi, gona ce aka yanka, kuma mutane da yawa suna zaune lafiya. Amma layin ko mota biyu ba za su gifta ba, ba a bar wurin kwata ba, kuma a kan wata katanga ta bakin hanya mun ga jan fenti irin wanda hukumar tsara birni, KNUPDA, ke shafawa. Duk wanda ya ga rusau ɗin da aka yi a Kano a 2023 ya san jan fenti ba ado ba ne. Kawu ya fito jiki a sanyaye.

Gida na uku da dillali ya kai mu a Ɗorayi yake, bene ne, kuma ba mu daɗe ba. Daga ƙasa Baba ya ɗaga kai ya ga jan tsatsa ya zubo a ƙarƙashin dakin, wani wuri siminti ya ɓalle rodi ya fito. Rodi in ya yi tsatsa kumbura yake, ya fasa simintin da ya rufe shi. Ya lura kuma bulon sama da na ƙasa ba zubi ɗaya ba ne, ya tambayi mai shagon da ke jikin gidan, ya tabbatar masa da cewa da gidan ƙasa ne, daga baya aka ɗora. Fandishon da aka haƙa don hawa ɗaya aka ɗora wa biyu. Baba ya ƙi hawa. Ya tuna mana benen da ya rufta a titin Beirut a ƙarshen Agustan 2022, ya ce shi magini ne, iyakarsa nan, bene sai injiniya ya zo da kayan awonsa, kuma ko an kira shi kuɗin banza za a kashe a kan wannan.

Muka kwana a gidan babban ɗan Kawu. Bayan isha hira ta koma kan dillalai, Kawu yana ta faɗa. Ni dai ban ga dillalinmu a matsayin maƙaryaci ba. Bai gina gidajen ba, wataƙila bai taɓa hawa silin ɗin ko ɗaya ba, kuma la'adarsa ba ta fitowa sai an yi ciniki, to don me zai je neman abin da zai ɓata cinikin? Kuskure ne mai saye ya ɗora masa aikin da ba nasa ba. Wani malami maƙwabcinsu da ya shigo gaisuwa ya ce a fiƙihun Malikiyya wajibi ne mai sayarwa ya bayyana aibin da ya sani, kuma malamai sun kasa aibin gida uku: ƙarami wanda ba a komawa kansa, matsakaici wanda ake rage kuɗi gwargwadonsa, da babba wanda ke ba mai saye damar mayar da gidan. Baba ya ce hukunci ya yi kyau, amma kafin alƙali ya karɓo maka kuɗinka mai gidan ya sayi fili biyu da su ya aurar da 'ya. Cikin dare aka tsuge da ruwa har wajen asuba.

Da safe Baba ya matsa a fita da wuri, kafin rana ta busar da shaida. Dillali ya ce saura wani a Gwammaja, amma bai turo hotonsa ba don ya san ba zai burge Alhaji ba. Gaskiyarsa. Tsohon gini ne na siminti, fenti ya koɗe, tagogi na katako, zaure mai duhu, ƙasa daɓen siminti ne ba tayil. Kawu ya yatsina fuska tun daga waje.

Sai dai matakala uku muka hau kafin mu shiga zauren, ma'ana gidan ya fi titi tudu sosai. Tsakar gida, bayan ruwan daren nan, babu inda ya kwanta, duk ya bi ta rariya ya faɗa kwatar waje, ita ma tana gudu. Gindin bango a bushe. Ƙusar Baba ta ƙi shiga bulo, sai ƙara take. Ƙofofi suna rufuwa da yatsa ɗaya. Akwai tsage-tsage a filasta, Kawu ya yi saurin nuna su, Baba ya ce ya matso ya duba: sirara ne, tsinken ashana ba ya shiga, sun watsu ba su bi layin bulo ba, cikinsu kuma tsohon fenti ne da ƙura, wato sun daɗe da tsayawa. Tsagar da ake gudu ita ce mai karkata, wadda ta fi faɗi a gefe ɗaya, ta ratsa bango har ana ganinta ta ciki da waje, bakinta sabo.

Aibi kam akwai shi, kuma duk a fili. A ɗaki ɗaya silin ya yi taswirar ruwa, yana ɗiga a lokacin, Baba ya hau ya ce fallen kwano uku ne suka ci tsatsa, katakon kuwa baƙi ƙirin da mai, gara ba ta taɓa shi ba. Wayar wuta tsohuwa ce, soket biyu sun yi baƙi alamar sun taɓa ƙonewa, dole a sake wayarin gaba ɗaya, a kuma bincika ko akwai bashin wuta a kan gidan. Akwai darbejiya da ta girma dab da katangar baya, saiwarta ta ɗaga daɓe, sai an sare. Banɗaki na tsugune ne, Kawu kuma gwiwa ta fara ba shi matsala. Baba ya tsuguna a zaure ya yagi takardar buhun siminti ya rubuta kowane gyara da kuɗinsa, ya miƙa wa Kawu ya ce ya cire wannan daga abin da zai taya.

Sauran aibin da tocila ba ta haskawa na takarda ne. Gidan gado ne. Akwai takardar mallaka ta gwamnati da sunan marigayin, abin da ya ɗaga darajarsa, amma tun Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ƙasar jiha tana hannun gwamna ne a matsayin amana, kuma mayar da irin wannan takarda zuwa sunan wani sai da amincewarsa. Kafin nan sai an je hukumar bayanan filaye, KANGIS, an bincika ko takardar ta gaskiya ce, ko an jinginar da ita a banki. Ɗan marigayin da ya buɗe mana gida ya ce duk magada sun yarda. Kawu, wanda ya sha zaman rabon gado a danginmu, ya tambaye shi su nawa ne, mata nawa, akwai marayu ƙanana, kotu ce ta raba ko a gida aka yi. A nan ya fito cewa akwai 'yar'uwarsu da ke aure a Damagaram wadda aka ce an gaya mata ta waya.

Dillali ya so a ba da kafin alƙalami a ranar. Kawu ya taya, ya ce tayinsa na nan, amma ko sisi ba zai fita ba sai lauya ya dawo da sakamakon bincike, sai kuma ita ta Damagaram ta zo da kanta ko ta aiko wakili da takarda, an sa hannu gaban shaidu. Ɗan marigayin ya ce zuwanta sai bayan kaka. Kawu ya ce zai jira.